Ƙulli Uku na Baƙin Zare

Iya Daso ta ciji zaren da haƙori, ta yi ƙulli na uku a kusurwar farin alawayyon, sannan ta ninke shi. Likkafaninta ne. Tun daga Malumfashi ta taho da shi a ƙasan akwati, shekarar da aka kawo ta Greensboro ta Amurka renon jikoki. Ita ba mace ba ce da mutuwa za ta tarar ba shiri a garin mutane.

Ƙafafunta sun riga sun ƙi. Likita ya hana ta doguwar tafiya, ita ma ta sani tun kafin ya faɗa. To da autanta Garzali, mai koyarwa a jami'a, ya ce shi da matarsa Rumasa'u za su tafi Umara a hutun 1984, buƙata ɗaya tak ta miƙa.

"Auta, ka tsoma mini wannan a Zamzam, ka shanya shi a can. Na yi masa alama da baƙin zare kada ya ɓace cikin na jama'a. Ban ce turare ba, ban ce zobe ba."

"An gama, Mama," in ji shi, idonsa na kan agogo.

A falonsu akwai taswirar duniya manne da bango, Garzali na soka mata ƙananan ƙusoshi masu jan kai, wai wuraren da suka ƙudura sai sun taka kafin tsufa. Iya ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Ta ga sababbin ƙusoshin duk a tsakiyar shuɗi suke, kan wasu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Ta ce a ranta, ashe haka ruwa ya yi yawa a hanyar Makka. Ai kakanta ma ta ruwa ya ƙetara Jidda.

Ranar haɗa kaya ta ga Rumasa'u na cusa malafa da baƙin tabarau. "Rana ce a can, Mama." Ta tambayi haramin Garzali. "A can ake saye."

Suka tafi, ta riƙe gida tsaf. Jikoki na amsa mata da Turanci, tana murɗe musu kunne da Hausa. Litinin da Alhamis ta yi azumi don matafiya. Duk wanda ya bugo waya sai ya ji: Auta na Makka da amanarta.

Suka dawo sun yi baƙi, kumatu sun ciko. Sumar Garzali na nan cunkus.

"Ba a yi maka aski ba?"

"Saisaye aka yi, Mama, ya halatta."

Zamzam kuwa, 'yan kwastan sun riƙe a filin jirgi. Ga dai dabino. Ga kuma amanarta a cikin leda, ninke, ya fi da fari, ya fi da laushi, yana ƙamshi. Ta ce ikon Allah, ruwan ke nan. Ta ɗora shi a fuska. Matar da ko ranar da aka fita da gawar mijinta ba a ga hawayenta ba, sai ga ta tana shessheƙa a gaban suruka. Ba ta warware shi ba. Likkafani ba zanen gayu ba ne da za a yi ta buɗawa. Ta mayar ƙasan akwati, ta rufe.

Asabar ta haɗa walima. Ta soya waina da hannunta, ta sa aka gayyato Hausawa tun daga Summerfield har Pleasant Garden. Maza na bayan gida wajen gashin nama, an sa Garzali a tsakiya ana tambayarsa ɗawafi, yana ta cewa abin sai wanda ya gani.

Ana cikin haka aka danna ƙararrawa. Wata dattijuwar Baturiya ce daga unguwar Irving Park, da ƙunshi a hammata. Ta rungume Rumasa'u kamar 'yar uwa, tana dariya, tana zuba Turanci. Rumasa'u kuwa gumi ya keto mata, tana neman janye baƙuwar waje.

Iya ta ƙyasta wa Larai ido, wata nas 'yar zangon Kumasi da ke zaune kusa da ita.

"Ke, me take cewa?"

"Gaisuwa ce kawai, Iya."

"Gaisuwa ba ta sa mutum gumi. Faɗa mini, kada ki rage ko kalma."

Larai ta sunkuyar da kai. Ta ce wai tare suka yi hutu a wani katafaren jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, suna sauka tsibiri bayan tsibiri. Wai ba ta taɓa ganin mata da miji masu son ganin duniya irinsu ba. Wai ranar da aka kai su gonar inabi ɗanɗanar giya, babu abin shimfiɗawa a kan ciyawa, sai Garzali ya fito da wani farin yadi ya taimaki kowa. Yadin ya ɓata a cikin kayan Baturiyar, har Garzali ya roƙi mai gyaran ɗaki ya bar masa zanen gadon jirgi guda. Ta wanke iya wankewa, tabon bai fita ba, a yi haƙuri.

Baturiyar, cikin fara'a, ta kwance ƙunshin, ta kama baki biyu ta girgiza yadin, ya buɗe a gaban matan gari, fari mai dabbare-dabbaren ja, da zagayen gindin kofuna.

Iya Daso ba ta dubi tabon ba. Ta miƙa hannu ta shafa kusurwa, yatsunta suka sauka kan ƙulli uku na baƙin zare.