Baƙin Ƙyallen Tanko Direba

Tun da aka ƙera na'urar da ke yi wa makafi jagorar tuƙi a kunne, hatsari ya ragu. Sai doka ta ce mai ido ma ya rufe idonsa in zai tuƙa, wai ido na gardama da na'ura.

Tanko Direba, bayan shekara talatin a hanyar Gusau, ya je sabunta lasisi. Malama Jummai, makauniyar da ke gwada direbobi, ta miƙa masa baƙin ƙyalle. Ya ɗaure ido, ya sa na'ura a kunne, ya ja mota. Can sai ya ji taya ta taka wani abu mai laushi.

"Malama, me na taka?"

"Na'ura ta ce ka tsaya?"

"A'a."

"To ka ci jarrabawa, Baba."

Ya kwance ƙyallen a hankali, bai dubi madubi ba.