Maƙerin da Ya Bar Masaɓarsa a Gida

Tanimu ɗan ƙanena, ka ce mutumin da kake son haɗa shago da shi mutumin kirki ne, don ba ka taɓa jin ya ɗaga murya ba. To, ni ban yi boko ba, amma na yi zaman aure a gidan maƙera har mai gidan ya koma ga Ubangijinsa. Matso in ba ka misali.

Wani maƙeri ne uwar maƙerarsa ta tsage, wato ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai ana duka. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, mahautan gari sun ba shi aikin wuƙaƙe, in bai cika ba su koma wurin maƙerin ƙetaren rafi, kuma mahauci in ya sauya maƙeri ba ya waiwaye. Sai ya yi sauri wurin 'yan gwangwan, masu sayar da tsofaffin ƙarafa, neman ƙarfen da zai kafa, garin gaggawa ya bar masaɓarsa, 'yar gudumar ƙira, a gida. A cikin tarin ƙarafansu ya tarar da guda biyu da za su iya kafuwa. Ɗaya gindin injin niƙa ne, ƙato, fuskarsa sumul kamar faranti. Ɗayan guntun ƙarfen layin dogo ne, duk tsatsa, kaji ma sun yi kashi a kai. Ya tsuguna yana mamakin yadda za a gane na kirki, tun da duka baƙaƙe ne, duka wuta ta haife su. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, shiru. Ya buga da sanda, sandar ce ta yi ƙara. Ya shinshina, har lasa ya yi, duka ɗanɗanon tsatsa. Da ya rasa amsa sai ya bar wa ido zaɓi, ido kuwa kwaɗayayye ne, ya ɗauki ƙaton. Aka tura masa a baro har gida. Ya hura wuta, ya ɗora ruwan wuƙa ja wur, ya sauke masaɓa. Sai ya ji dim, kamar an buga buhun gero. Masaɓar ta kwanta inda ta faɗi, sai ya ɗago ta da ƙarfin kafaɗa. Kafin azahar hannu ya mutu, fuskar nan mai kyau ta yi ramuka, wuƙa tana fita a karkace. Can sai gefe guda ya ɓalle, ya duba cikin, ashe garas-garas yake kamar curin yashi.

Washegari ya koma, wannan karon da masaɓa a kafaɗa. Ya bi tarin ƙarafan nan yana ba kowanne duka ɗaya yana kasa kunne. Wani ya yi gum, wani ya yi kukan fasasshiyar ƙwarya. Mai kayan ya ce, “Maƙeri, kiɗa ka zo yi ko ciniki?” Ya ce, “Ciniki ne, amma da ƙarfen zan fara, kai jira layinka.” Da ya kai kan guntun dogon nan da ya raina jiya, ya sakar masa masaɓa, sai ƙarfen ya amsa da wani amo siriri mai tsawo, masaɓar ta yi tsalle ta dawo masa hannu. Ya sake, ta sake dawowa. Ya tsaya yana dariya shi kaɗai: ashe wani ƙarfen haɗiye duka yake, wani kuwa mayar maka da ƙarfinka yake, rabin aikin shi zai yi maka. Ya kai shi gida, ya kafa a kututturen ƙirya, mahauta suka yi layya da wuƙaƙensa.

To kai Tanimu, kallo ka yi wa mutumin nan, ka lasa, ka shinshina. Ka taɓa taya kayansa da arha ka ga yadda fuskarsa ta koma? Ya taɓa taya naka ka ce masa albarka? Ni da kake gani ina ja-in-ja a kan ƙullin daddawa, mutumin nake saurare. Je ka taɓa shi tukuna ka ji abin da zai amsa. Hausawa sun ce, ƙarfe ɗaya ba ya amo.