Sassaƙen da ya sauke sukarin ɓeraye

Malam, na ga gwajinka ya fara kyau, har bakinka na ƙaiƙayi. Zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani malami a sashen ilimin magunguna na wata makarantar koyon likitanci. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya samo sassaƙen wata bishiya, ya tace ruwansa, ya riƙa ɗura wa ɓerayen gwaji masu ciwon sukari, sai ga sukari yana sauka. Ka san ƙa'idar aikinmu: in magani ya nuna yana aiki, sai a ware wasu ɓerayen a yi ta ba su wata da watanni, a ga abin da zai yi wa hanta da ƙoda. Shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai haka, kuma ya fara gwajin na biyu, jiran ne ya gagare shi. Da wani gidan rediyo ya gayyace shi, daɗin hira ya kwashe shi, ya faɗi sunan bishiyar, ya ce sun ga abin al'ajabi. Ya dai ce a ɓeraye ne, amma wa ya tsaya jin wannan? Ba a jima ba aka saɓule bishiyoyin bayan gari tas.

Wata safiya ya shiga ɗakin gwaji ya tarar ɓerayen sun kumbura, wasu sun mutu. Aka buɗe su, ƙoda ta lalace. Bai ko cire safar hannu ba aka kira shi daga asibitin koyarwa, an kawo gwoggonsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya same ta ƙafafu suntum, fitsari ya ɗauke. Ashe tun ranar da ta ji muryarsa a rediyo ta ajiye maganin asibiti, take tafasa sassaƙen a tukunya tana sha safe da yamma. Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take, don da murmushi ta kama hannunsa ta ce, "Ai ba ni kaɗai ba, ɗana. Duk masu sukari a unguwarmu na raba musu, na ce maganinka ne." Ya ruga gidan rediyon ya yi gargaɗi, ya maimaita, ya haɗa mutane da Allah su daina sha. A hanyarsa ta komawa asibiti ya ji muryarsa na tashi daga lasifikar wani mai tallar magani a bakin tasha, hirar nan ta farko ce aka naɗa, jama'a kuwa sun yi cincirindo suna saye. Gwoggon ba ta fita daga asibitin da ƙafarta ba.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce magana zarar bunu ce.