Kukan Gauraka

Gauraki sun ƙare a fadamarmu tun ina da ƙarfin noma. Yanzu hukuma na ƙyanƙyashe su a inji, amma ba su san kukan iyayensu ba. Cikin waɗanda suka taɓa jin sa ni kaɗai na rage. Wata shida ina zuwa ina kwaikwaya musu.

Yau aka sake su. Suka tsaya a bakin ruwa suka yi kuka, kowanne ya ƙarasa da ɗan tari irin nawa.

Kuluwa mai rainonsu ta ce, "Baba Jatau, haka na da suke yi?"

Na tuna yadda kukansu ke cika fadama, har Inna takan ce sun hana ta jin kiran salla.

Na ce, "Kusan haka, 'yata."

Ta rubuta a takarda cewa daidai ne.