Tsami Ne, Zai Wuce

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Takaicin abin da ya sami wani Tela ne ya hana ni yin shiru.

Shekara ashirin da biyu Tela ya yi yana taka keken ɗinki da ƙafarsa ta dama, da ita yake ci da iyalinsa. Zaman wuri ɗaya ya ajiye masa tumbi. Likita ya ce sukarinsa na hawa, ya nemi wanda ya san aikin motsa jiki ya bi da shi a hankali, kuma a kula da gwiwar da ya taɓa bugewa a haɗarin babur.

Gidan motsa jikin yana saman wani shagon taya, koci biyu ne a ciki. Na farko siriri ne mai furfura, ana ce masa Mai Littafi. Ya zaunar da Tela a benci, ya buɗe littafinsa. Shekarunka nawa? Akwai hawan jini? Wane magani kake sha? Ka taɓa karaya ko targaɗe?

"Malam, rage tumbi na zo yi," in ji Tela. "Wajen likita kuwa daga can nake."

"To, sati biyun farko tafiya kawai za ka yi, sai miƙe jiki."

"Tafiya? Ai da ita na zo daga gida."

Sai ga na biyun, wanda ake kira Damtse, ƙirji kamar ƙofar shago. Tela ya auna shi da ido, ya ga yadi biyar ba zai yi masa riga ba.

"Baba, ba ni wata ɗaya," in ji Damtse. "Duk wandunanka sai ka rage musu ƙugu da hannunka."

Bai tambaye shi komai ba, wannan kuwa ya yi wa Tela daɗi. A ransa ya ce wanda ya gina jiki irin wannan ai ya san hanya.

Tun ranar farko aka ɗora masa ƙarfe a kafaɗa, yana tsugunawa yana miƙewa. A kwana na uku gwiwa ta fara suka.

"Tsami ne, Baba. Zai wuce."

Tela ya yarda, don kowa ya san tsamin jiki. Da aka shiga sati na biyu gwiwar ta kumbura. Matarsa tana gasa masa ita da tsumma da ruwan zafi, tana mita.

"Baban yara, wannan tsamin naka ko lemun tsami ya sallama masa. Ka koma asibiti mana."

"Ke me kika sani a harkar ƙarfe? Koci ya ce zai wuce."

Mai Littafi ma ya tare shi a matakala. "Yallaɓai, ɗingishi kake yi. Ka huta, a duba ƙafar nan."

"Kowa ya ji da ɗalibinsa," in ji Damtse daga sama. Da suka keɓe da Tela ya ce, "Baƙin ciki yake yi, Baba, don ka ƙi shi."

A rana ta goma sha bakwai Damtse ya ƙara nauyin ƙarfen, ya ja baya da waya a hannu yana ɗaukar bidiyon da zai tallata kansa da shi.

"Ƙaro ɗaya. Rago ne ke tsayawa a tara."

Tela ya tsuguna na goma. Sai ya ji ɓas a gwiwarsa, irin ƙarar da ya sani in igiyar keke ta tsinke. Mutum huɗu ne suka sauko da shi.

Likita ya daɗe yana duba hoton ƙafar. Jijiyar da ke riƙe gaɓar ta tsinke.

"An ce mini tsami ne," in ji Tela.

"Tsami a nama yake, kwana biyu ko uku ya tafi. Ciwon da ya zauna cikin gaɓa, yana suka, yana kumburi, jiki ne ke cewa ka tsaya. Sai an yi aiki. Wata shida ba taka keke, kuma ban yi alkawarin za ta lanƙwasu kamar da ba."

Damtse ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Baba, ai ba ka gaya mini kana da tsohon ciwo ba."

"Ka tambaye ni? Wai ma a ina ka koyi aikin nan?"

"Koyo kuma? Ai jikina ne takardata."

Yanzu keken yana lulluɓe da tsohon zane. Masu ɗinki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su yi masa sannu, su karɓi yadinsu ba a yanka ba. Ranar da na ƙarshe ya fita, Tela ya dubi tef ɗin awo da ke rataye a ƙusa.

"Ni da ba na sa almakashi a yadin mutum sai na auna shi," ya ce wa matarsa, "na ɗauki jikina na ba wanda bai auna ni ba."

Jama'a, girman damtse ba shi ne sanin aiki ba. Kafin ku miƙa jikinku ga koci, ku tambayi inda ya koya, ku zaɓi wanda zai fara da tambayar lafiyarku, wanda in kun ce da ciwo zai ce ku tsaya.

Iyakar abin da na iya ke nan. Na ajiye muku takardar nan, bari in sulale kafin wani cikinku ya ɗago kai ya gan ni.