Ranar da Aka Daidaita Lasifikar Barau

Tun da aka kafa dokar daidaita sauti, dole kowace lasifika ta yi amo ɗaya da ta hukuma. Ranar Laraba ma'aikaciyar awo ta zo rumfar Barau, mai shelar kasuwa. Ta jona kwamfutarta da na'urarsa, tana murɗa maɓallai har layuka biyun allon suka haɗe.

"Baba, gwada mu ji."

Barau ya yi sallama. Muryar ta fito tangaran, amma sak ta mai karanta sanarwar gwamnati.

"'Yata," in ji shi, "idan gobe wani ya yi shela da sunana, wa zai gane ba ni ba ne?"

Ta naɗe wayoyinta ba ta dube shi ba. "Sa hannu nan, Baba."