Ranar da Mace ta Hau Mulkin Indiya

Da la'asar ne rediyon maƙwabcinmu ya ce mace ta zama shugabar gwamnatin Indiya. Inna na zaune, ƙafafunta cikin tasar ruwan ɗumi. Dawowarta ke nan daga garin Hasahisa, inda ta roƙi Baffa ya bar mata hawasha, wato gonar audugar mahaifinmu marigayi. Ya ce mace ba ta riƙe gona.

Na shigo da gudu. "Inna, mace ke mulkin Indiya!"

"Ƙasar duka?"

"Duka."

Ta daɗe tana kallon ruwan. "To, 'ya'yanta ba su da baffa ke nan. Ƙaro mani ruwa, wannan ya huce."

Na yi ta dariya. Yau na wuce shekarun Inna na lokacin, kuma in na tuna maganar, gajiya kawai nake ji.